Amsar tambayar Kawu kan harbin agwagin daji a Ostireliya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, barka da war haka. Na ji tambayarka, wai da gaske ne an hana farautar agwagwa a nan Ostireliya? To, ba ko'ina ba ne. Kowace jiha da dokarta. Yammacin Ostireliya ta hana tun 1990, New South Wales ta bi a 1995, Queensland kuma a 2005. Amma mu nan jihar Biktoriya har gobe ana yi, sai dai lokacinsa ƙayyadadde ne a shekara.

Kuma ba wai ka saɓi bindiga ka nufi tafki ba ne kawai. Sai ka yanki lasisi, sai ka ci jarrabawar gane irin agwagin, domin akwai waɗanda haramun ne a taɓa su. An hana harsashin dalma, an kuma ƙayyade adadin da mutum zai harba a rana. A 2023 guda huɗu ne kacal.

Rigimar dai, Kawu, ba a kan cin naman take ba. A kan waɗanda ake raunatawa ne. Ka san bindigar tsuntsaye tarwatsa ƙwayoyi take yi, sai ta sami uku, ɗaya ta faɗo, biyu su tafi da karyayyen fiffike su je su mutu a cikin ciyawa. Shi ya sa ranar buɗe farauta za ka ga masu adawa sun shiga ruwa tun asuba suna tsintar masu rauni, har su kwashi gawarwakin su je su jera a ƙofar ofishin shugaban jiha. Su kuwa maharba, da yawansu mutanen karkara da ma'aikatan ƙarfi, cewa suke gadon iyayensu ne, kuma su ne ke kashe kuɗi wajen gyara fadamun.

A 2023 kwamitin majalisar jihar ya karɓi ra'ayoyin mutane sama da 10,000, ya ba da shawarar a hana baki ɗaya. Farkon 2024 gwamnatin jihar ƙarƙashin Jacinta Allan ta ce a'a, sai dai a ƙara tsaurara dokoki. Har da ƙungiyoyin ƙwadago a masu matsa mata lamba kada ta hana, abin da ya ba ni mamaki.

Ni dai a ganina, wanda zai harba ya yanka ya kai gida a ci, ban ga laifinsa ba. Wanda ya harba don nishaɗi ya bar tsuntsu yana fafutuka, shi ne matsalar, kuma ko a addininmu ba a yarda da haka ba. Inda gizo ke saƙar shi ne jami'an sa ido ba su da yawa, tafkunan kuwa birjik, waye zai tsaya ya ƙirga wa kowa nasa? A gaida Inna da yara.