Shin ƙwayoyin cuta suna sabawa da ruwan goge waya?

Tambaya: Malam, ina gyaran waya a Kano. Nakan goge wayoyin kwastomomi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, amma ina sirka shi da ruwa don ya yi auki. An ce da ni ƙwayoyin za su saba da shi. Haka ne?

Amsa: Haka ne, kuma sirkin nan shi ne matsalar. A cikin miliyoyin bakteriya akan sami 'yan kaɗan masu wani irin famfo a fatar jikinsu da ke tunkuɗo guba waje. Idan sinadari na da ƙarfi, duka yake kashewa. Idan ya tsinke, raunana ne ke mutuwa, masu famfo su tsira, fili ya zama nasu. Bakteriyar da ake kira E. coli kan rabu biyu duk minti 20 in ta sami yanayi mai kyau, sai ka yi lissafi.

Abin da ya fi muni, umarnin ƙera famfon yakan zauna a kan wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, wanda suke miƙa wa juna ko da ba jinsi ɗaya ba ne, kamar yadda ake tura fayil ta Bluetooth. Sau da yawa zoben na ɗauke da kariya daga magungunan asibiti ma. Shi ya sa nake ƙin ruwan gogewa masu ɗauke da sinadarin benzalkonium chloride a wannan aiki, don suna barin saura a kan gilashi, wanda ƙwayoyin ke iya sabawa da shi.

Ka nemi isopropyl, wani nau'in sifirit, mai kashi 70 cikin 100. Kashe wayar, cire caja da kwaba (murfin wayar), ɗiga isopropyl ɗin a ƙyalle mai laushi, ka goge. Kada ka fesa kai tsaye, kada ya shiga ramin caja ko sifika. Yana bushewa bai bar komai ba. Mai kashi 99 na wanke bod ne, wato allon lantarkin da ke cikin waya; saurin bushewarsa ba ya ba shi lokacin kisa. Bilic kuwa yana cinye rufin da ke hana sikirin kama maiƙo.

Tambaya: Matattun batura da bod fa, in zuba su a bola?

Amsa: A'a. Tsohon soda, wato ƙarfen da ake narkarwa a liƙa kayan bod, na da dalma, fitilar sikirin tsofaffin laftof na da zaiba. Ƙarafa ba sa ruɓewa, don haka tacewar nan, inda gubarsu ke kashe raunanan bakteriya ta bar masu juriya, takan ci gaba a ƙasa da kwata shekara da shekaru. A 1976 an gano wata bakteriya mai suna Cupriavidus metallidurans a tankin wata masana'antar zinki a Beljiyam, tana rayuwa cikin gubar da ke kashe sauran. Manne bakin kowane batir da salatif, ka tara su a busasshen wuri nesa da zafi, ka kai wa masu sake sarrafawa da ba sa ƙonawa.