Kafin ku gina asibiti a ƙauyen Maraɗi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ke ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, kuma ƙungiyarku ta tara kuɗi domin ku je aikin sa kai a wani ƙauye na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ku kuma gina ƙaramin asibiti a can, kina tambayar ta inda za ku fara. Allah Ya saka muku da alheri. Na daɗe ina irin wannan aiki a yankin, kuma shawarata ita ce kada ku sayi ko buhun siminti ɗaya sai kun zauna da babban likitan gundumar da ƙauyen yake ƙarƙashinta.

Harkar lafiya a Nijar hawa-hawa take: akwai ɗakin shan magani na ƙauye, sama da shi akwai cibiyar da ake kira CSI wadda galibi ma'aikacin jinya ne ke shugabantarta, sannan asibitin gunduma. Ginin da bai shiga lissafin hukuma ba, ba za a turo masa ma'aikaci ba, ba kuma zai samu allurar rigakafi ko gidajen sauron da ake rabawa ba. Ko ɗakunan shan magani masu yawa da gwamnati da kanta ta gina a zamanin Tandja Mamadou sun sha fama da ƙarancin ma'aikata da magani, balle na baƙi da suka zo suka tafi. Na ga wani gini mai kyau da wasu bayin Allah suka yi, an shafe shi da fenti har da allon suna, amma yana garƙame da kwaɗo, an jibge damman gero a ɗakin da aka tanada domin haihuwa, mata masu naƙuda kuwa ana wucewa da su ta ƙofarsa a kan amalanke.

Saboda haka, a ganina bai kamata bulo da kwano su cinye fiye da rabin abin da kuka tara ba. Ruwa ne kan gaba, domin ba a karɓar haihuwa da ruwan jarka da ake saye. Bayansa sai wutar sola da firji, tunda yawancin allurar rigakafi ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, haka ma allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa ba ta jure zafin bazara. Abin da aka fi mantawa shi ne gidan ma'aikata, alhali ungozomar da ba ta da wurin kwana mai mutunci ba za ta zauna ba, kuma yawancin naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Ku sani kuma tun 2006 Nijar ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta, sai dai kuɗin da gwamnati ke mayar wa cibiyoyi yakan yi jinkiri sosai, har ɗakin magani ya ƙare ƙaƙaf. Kwamitin gari mai riƙon amana, wanda mata ke ciki, shi ke ceto cibiya a irin wannan hali.

Game da tafiyar kanta, lasisinki na Najeriya bai ba ki damar taɓa majinyaci a can kai tsaye ba, sai da izinin hukumomin lafiya a rubuce. Hausa za ta sauƙaƙa muku hulɗa da jama'a, amma rajista da takardun tura majinyaci da Faransanci ake cika su, don haka dole ku yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan wurin. Maganin da za ku kai kyauta, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace. Ba na goyon bayan a ba mai hawan jini ko ciwon sukari maganin wata guda a juya a tafi, domin an ɗora shi a kan abin da ba mai ci gaba da shi. Aikin yanar ido da na gwaiwa sun fi dacewa da gajeriyar ziyara, muddin akwai wanda zai duba majinyatan bayan kun koma gida.

Idan kuna son zuwa lokacin da aka fi buƙatar hannu, ku je tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara kafin a yi girbi. Za ki wuni kina auna damtsen yara, kina ware waɗanda awonsu ya gaza milimita 115, uwa kuma ta ce miki tun jiya jikinsa ya yi zafi, alhali tafin hannunsa ya riga ya yi fari fat saboda ƙarancin jini. Irin wannan yaro ƙarin jini yake buƙata, abin da ƙaramar cibiya ba ta yi. Haka mai ciki da jijjiga ta kama cikin dare, za ku iya yi mata allurar farko, amma dole a kai ta inda ake tiyata. Shi ya sa nake ganin asusun man motar ɗaukar marasa lafiya ya fi ƙarin ɗaki amfani. Masu yoyon fitsari kuwa akwai cibiyarsu a Danja, kusa da birnin Maraɗi, sai ku tura su can.

Ku bincika halin iyaka da na tsaro kafin ku tashi, musamman hanyar Jibiya, domin an taɓa rufe iyakar bayan juyin mulkin 2023. In kun isa, ku nemi yarjejeniya a rubuce tsakaninku da gunduma da shugaban ƙaramar hukuma da maigari, wadda za ta fayyace mai filin, da wanda zai biya albashi, da wanda zai gyara sola idan ta lalace.