Amsa ga mai tambaya kan shiga binciken na'urar ƙara ji

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka ba da kanka ga masu binciken na'urar ƙara ji, tunda kana jin muryar mutane amma kalmomin ba sa fita, kuma kana tsoron a mayar da kai zakaran gwajin dafi. Damuwarka irin tawa ce sak, kuma na taɓa shiga irin wannan bincike. Shawarata ita ce ka je, amma kada ka tafi da zaton magani za a ba ka, domin sau da yawa na'urar aro ce, za ka mayar idan an gama.

Za su fara da auna jinka a wani ɗaki da ƙarar waje ba ta shiga, daga sauti mai kauri na hertz 250 har zuwa siriri na 8000 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Inda na sha wuya shi ne lokacin da aka sa ni maimaita jimloli alhali surutun mutane yana fitowa daga lasifika. Duk sa'ad da na faɗi daidai sai a ƙara tsananta gwajin, har na fara gumi ina jin kunya, sai daga baya ma'aikaciyar ta bayyana mini cewa da gangan aka tsara shi haka, domin a gano matakin da mutum yake kama rabin maganar kawai. Saboda haka kada ka yi ƙoƙarin burge kowa, kuma idan an sa maka na'urar aka tambaye ka wane saitinta ya fi, ka faɗi gaskiya ko da babu wanda ya yi maka.

A wannan ɗakin ne aka fara gaskata ni. Shugabana a wurin aiki ya taɓa yi mini tambaya a tsakiyar taro, fanka tana kaɗawa, mutane suna magana ta ko'ina, na ba shi amsar wani abu dabam. Ya dube ni ya ce kunnen uwar shegu nake yi da shi, ai ina ji idan maganar albashi ce. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, domin ban ma kama abin da ya faɗa ba sai da na kusa da ni ya maimaita mini. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, kuma bai taɓa ba ni haƙuri ba. Mai binciken kuwa ya nuna mini a takarda cewa siraran sautuka na rasa, inda baƙaƙe irin su s da f da sh suke, wasula kuma suna isowa lafiya.

Ka karanta takardar amincewa a tsanake kafin ka sa hannu, kuma kana da damar janyewa duk lokacin da ka so. Ka tambaye su da wane harshe za a karanta jimlolin, domin harshen da ba ka ƙware a kansa ba yakan rage maki ba tare da laifin kunne ba. Kada ka ɗora wani aiki mai nauyi bayan gwajin, saboda gajiyar saurare tana da yawa. Kuma ka roƙi kwafin sakamakon awon jinka, zai yi maka amfani wurin likitan kunne.