Me zan rubuta kan kakata, alhali ba ta taɓa aikin ofis ba?

Allah ya jiƙanta, 'yar'uwa. Damuwarki ita ce kaka ta yi tsawon rai tana hidimar gida, kina ganin babu abin rubutawa.

Akwai, sai dai yana bakin mutane. Fara da tsofaffin da suka san ta tun tana budurwa, ki naɗi muryarsu a waya, kada ki bari sai gobe. Kar ki tambaye su "yaya halinta?", don kowa "mutuniyar kirki" zai ce. Tambayi wa ta rena bayan 'ya'yan cikinta, yadda ta riƙe gida lokacin babu, da kalmar da take yawan faɗa in ta yi fushi. Nan labarin yake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirƙirar shekarar haihuwa, ko mayar da ita marar aibu har jikoki su kasa gane ta. Sirrin wani kuwa, sai da izininsa.

In baƙin cikin ya haura wata 6 yana hana ki barci da aiki, ki ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan cikin lalurorin da ake dubawa.