Idan ba a ga ƙwayoyin SUSY ba, an ƙaryata ka'idar ke nan?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin fiziks ne. Na karanta cewa injin LHC, mai haɗa ƙwayoyin zarra karo, ya shekara fiye da goma yana neman ƙwayoyin da ka'idar SUSY (supersymmetry) ta yi hasashe bai samu ba, amma masana ba su ce ka'idar ta faɗi ba, sai dai su ce "an kawar da wani yanki". Me suke nufi?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Amsarka tana cikin yadda ake ƙidayar.

SUSY ta ce kowace ƙwayar da muka sani tana da abokiyar tagwaitaka mai nauyi. Idan aka haifi irin waɗannan a karon furoton da furoton a cikin zoben LHC mai tsawon kilomita 27 kusa da Janeba, galibi nan take za su farfashe, kuma a yawancin sigogin ka'idar mafi sauƙin nauyi a cikinsu za ta fice ba tare da na'ura ta ji ta ba. Abin da ATLAS da CMS, manyan na'urorin da ke auna tarkacen karon, ke gani shi ne giɓi: tarkace sun watsu gefe ɗaya, ɗaya gefen babu abin da ya daidaita su. To amma sanannun ƙwayoyi ma suna barin irin wannan giɓin. Ƙwayar Z kan rikiɗe ta zama nutirino biyu, wato ƙwayoyin da ke ratsa na'ura ba su bar alama ba, su ma su sulale ba a gan su ba. Saboda haka babu wani karo guda da za a nuna a ce ga SUSY. Ƙidaya ake yi.

Kafin a duba komai, sai a zaɓi yankin bayanan da ake sa ran alamar za ta fi fitowa, a rufe shi. A auna sanannun hanyoyin a wasu yankuna makusanta, a ƙiyasta nawa za su zuba a wanda aka rufe, sannan a buɗe. Wannan rufewar na ɗauke ta da muhimmanci ƙwarai, domin mai neman abu da zuciya ɗaya yakan gyara ma'auni har abin ya bayyana, ba tare da ya san ya yi ba.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don bayani. An ƙiyasta 10, aka ga 14. Ƙidaya irin wannan takan yi sama da ƙasa da kusan 3 don kanta, don haka 14 ba labari ba ne. Kafin a ce an gano sabon abu sai an kai sigma 5, wato damar sa'a kaɗai ta kawo irin wannan rarar ba ta wuce 1 cikin miliyan 3.5 ba. Da wannan ma'aunin aka sanar da ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012. Ana tsanantawa ne saboda ana duba ɗaruruwan yankuna, kuma dole a wani wuri a ga rara. A Disamban 2015 ATLAS da CMS sun ga wani tudu, wato rara a ƙidaya, a wajen 750 GeV (ma'aunin ƙarfi da nauyin ƙwayoyi), aka yi ta rubuce-rubuce a kansa, amma da aka tara ƙarin bayanai, zuwa Agustan 2016 ya ɓace.

Yanzu ga tambayarka. An ƙiyasta 10, aka ga 11. Sigar SUSY da ta ce za a ga ƙarin 30 ta faɗi, kuma matakin amincewar da aka saba amfani da shi wajen kawarwa kashi 95 cikin 100 ne. Sigar da ta ce ƙarin 2 kuwa, ƙidayar ba ta ce komai a kanta ba. Abin da ake nufi da "an kawar da wani yanki" ke nan: wasu sigogin ka'idar sun faɗi, sauran suna nan. Akwai kuma tarko: idan aka yi rashin sa'a aka ga 4 kacal, lissafin kai tsaye zai kawar da sigogin da gwajin bai ma isa ya ji su ba. Shi ya sa ake amfani da hanyar CLs, wadda aka gada daga zamanin LEP, injin da ya gabaci LHC. Lissafin rabawa take yi: tana raba yiwuwar ganin ƙidaya ƙarama haka idan akwai alamar da yiwuwar ganinta idan babu, don kada a hukunta abin da ba a gwada ba.

Idan ka ji an ce an kawar da gluwino, ɗaya daga cikin ƙwayoyin SUSY, har zuwa nauyin sama da TeV 2 (GeV 2,000) da bayanan 2015 zuwa 2018, ka nemi sharuɗɗan. Galibi an ɗauka yana farfashewa ta hanya ɗaya tak, kuma ƙwayar da ke sulalewa ba ta da nauyi sosai. In nauyinsu ya yi kusa da juna, tarkacen sukan fito da rauni, iyakar kuma ta sauko sosai. Mafi ƙanƙantar sigar SUSY ma tana da lambobi fiye da 100 da ba a tsayar ba.

A ganina, sigogin da aka fi sa wa rai kafin 2010, masu ƙwayoyi marasa nauyi sosai, sun sha kashi, kuma bai kamata a ɓoye haka ba. Amma ka'idar gaba ɗaya ba a rufe ta ba. Tun 2022 da aka ɗaga ƙarfin karon zuwa TeV 13.6, ana ƙara mai da hankali kan waɗannan lungunan masu raunin alama.