Kiɗan bakin teku na Karolina da rawar shag

Ka tambaya ko wannan kiɗan shi ne na masu wasa da igiyar ruwa a Kalifoniya. A'a ɗan'uwa, na jihohin Karolina ta Kudu da ta Arewa ne, a Amurka. A shekarun 1940, zamanin wariyar launin fata, samarin Turawa kan je gaɓar teku, irin su Myrtle Beach, su saurari faya-fayen baƙar fata da gidajen rediyon garuruwansu ba kasafai suke sakawa ba. Daga nan kiɗan bakin teku ya samo asali. Rawarsa shag ce: namiji da mace, hannu ɗaya riƙe, ana takawa bisa ƙirgen bugun kiɗa shida. Ƙafafu ke aikin, kafaɗu kuwa da ƙyar suke motsi, kuma a ganina nan gwanintar take. A 1984 Karolina ta Kudu ta ayyana ta rawar jiha.