'Yan biyu a makonnin farko: wadda ba ta kuka ita ce abin dubawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti ungozoma. Yau kwanana 12 da haihuwar 'yan biyu mata, saura mako huɗu cikin ya cika suka zo. Hassana ta zo da nauyin kilo 2.5, Husaina kuma 1.9. An sallame mu lafiya, har an yi suna. Hassana kullum cikin kuka da neman nono take, shi ne surukata ta ce nonona ba zai ishi biyu ba, a sayo madarar gwangwani, a riƙa ba su ruwa kuma. Husaina kuwa ba ruwanta, sai barci, kowa na yaba haƙurinta. Ni kuma rabona da barcin kirki tun a asibiti, ga ciwon kai da ya ƙi tafiya. Yaya zan yi?
Mai jego daga Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman biyu. Barka da arziki, Allah ya raya su, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Hankalin gidanku duka ya tafi kan Hassana saboda ita ke da murya, ni kuwa Husaina ce ta tsaya mini a rai. Jaririyar da ke kuka tana neman nono tana da ƙarfin nema. Wadda ba ta kai kilo 2 ba, ta zo kafin lokaci, tana ta barci ba ta farkawa don yunwa, ba haƙuri take yi ba. Irin waɗannan ba su da kitsen da zai riƙe su, sukarin jininsu yana sauka da wuri, jikinsu yana yin sanyi, kuma duk sa'ad da sukari ya sauka barcin ƙara nauyi yake yi. Don haka kada ki jira ta nema. Duk awa biyu zuwa uku ki tashe ta, dare da rana, kada ta wuce awa uku ba ta sha ba. Ki sassauta mata kaya, ki shafa tafin ƙafarta, ki matso ɗigon nono a leɓenta. In ta kama ta yi tsotso kaɗan ta saki, ki tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta a ba ta a hankali, tana lasa da kanta, ba a ɗura mata ba. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa 4 a ajiye a ɗaki.

Sai ɗumi, musamman yanzu da iskar hunturu ke kaɗawa da asuba. Lulluɓe ta da barguna bai kai jikinki ba. Ki cire mata riga, ki bar ƙunzugu da hula da safa, ki kwantar da ita a tsaye tsakanin ƙirjinki, fata na taɓa fata, fuskarta a juye gefe, ki ɗaure da zani kamar goyo amma ta gaba. Wannan shi ne goyon kangaru da ake koyarwa a ɗakin jarirai. Likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya suka faro shi a 1978 lokacin da kwalaben ɗumama bakwaini suka yi musu kaɗan, yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a yi wa duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, awanni da yawa a kowace rana. Ba dole sai ke ba. Babansu zai iya, kakarsu ma za ta iya, kuma a ganina babu aikin da ya fi dacewa da Hajiya irin wannan. Wankan sassafe a ɗaga wa Husaina tukuna, a goge ta da tsumma mai ɗumi in rana ta ɗaga. Kaskon garwashi a ɗaki rufe kuwa kada a kuskura, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Maganar ko nono zai isa: zai isa mafi yawan iyayen 'yan biyu. Mama ba randa ba ce da ake ɗiba ta ƙare, gwargwadon yadda aka tsotsa haka jiki ke ƙara kawowa, kuma baki biyu sun fi ɗaya kira. Nan haɗarin madarar gwangwani yake. Duk cikar fidar da aka ba Hassana, tsotso ɗaya ya ragu, nono ya ja baya, gobe a ƙara fida, kafin wata guda maganar Hajiya ta zama gaskiya alhali da farko ba haka ba ne. Ga tsadar gwangwani ga yara biyu, wadda ke sa a fara tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, ga gudawa in ba a tafasa ruwa da kayan haɗin ba. Akwai lokacin da ake buƙatar ƙari, ban musa ba, amma sikeli ne zai faɗa, likita ya tsara, a ba su a kofi. Ruwa kam babu shi har wata shida, ko da zafin bazarar Gombe ne, domin kusan kashi 90 cikin 100 na nono ruwa ne. Rubutu da zamzam ke ki sha, su a yi musu tofi a shafa.

Kukan Hassana ba shi ne ma'aunin ƙoshi ba. Ki duba ƙunzugu: kowace ta jiƙa aƙalla shida a yini da kwana, fitsari ba ja ba, kashi rawaya mai laushi. Jarirai sukan ragu a kwanakin farko, zuwa mako biyu su mayar da nauyin haihuwa, daga nan su riƙa ƙara wajen giram 20 zuwa 30 a rana. Ki sa a rubuta a takarda wadda ta sha da lokacin da ta sha, don da ƙarfe uku na dare mai jego tana iya shayar da ɗaya sau biyu ta rantse ta ba kowa. In kina son alama, hula mai launi daban ta wadatar. Kada a sa musu lalle, kada kuma a zuba kafur cikin kayansu, domin a jikin wasu jarirai waɗannan biyun suna farfasa ƙwayoyin jini su jawo shawara mai tsanani.

Abin da zai dawo miki da barci shi ne ki haɗa su a lokaci guda. In ɗaya ta tashi, a tashi ɗayar. Ki zauna ki jingina, filo a kowane gefe, kowace a ƙarƙashin hammatarki, ƙafafunta na kallon bayanki, kanta a tafin hannunki. Ki fara sa Husaina ta kama da kyau, sannan wani ya miƙo miki Hassana. Akwai riba a nan: tsotson mai ƙarfin yana saukar da nono a duka ɓangarorin, sai ƙaramar ta samu ba tare da wahala ba. Ki riƙa musanya musu gefe. Kwanakin farko za ki ji kamar hannu biyu sun yi kaɗan, daga baya jiki zai saba. In sun gama a kwantar da su rigingine, cikin gidan sauro, ba filo, ba tarin zannuwa kusa da fuska.

Wannan saƙon kuma ki nuna wa maigida. Aikin mai jegon 'yan biyu shayarwa ne da ci da barci. Wanki, girki, shara, sa su gyatsa da jijjiga mai kuka, duk na wasu ne, kuma a samu mace ɗaya tsayayya da za ta kwana a ɗakin. 'Yan barka mun gode, amma ba kowa zai ɗauki jariran ba, wanda zai taɓa ya wanke hannu da sabulu, mai mura ya yi gaisuwa daga ƙofa. In yara sun yi barci da hantsi, a ce wa baƙi mai jego ta kwanta, ba rashin kunya ba ne. Ki ci sosai, tuwo da miyar ganye, wake, ƙwai, kifi, farfesu, kunun gyaɗa, ki ajiye ruwa kusa da inda kike shayarwa, ki ci gaba da ƙwayar ƙarin jini.

Ciwon kan nan ba zan ɗora shi kan rashin barci ba sai an auna jininki, kuma yau nake so, ba ranar komawa asibiti ba. Mai cikin 'yan biyu ta fi saurin kamuwa da hawan jini, kuma yana iya tasowa bayan haihuwa har ya kai ga jijjiga. Kunun kanwa ki ajiye shi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗora wa zuciya nauyi, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka zargi kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Ki yi wankanki da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. Ganin dishi-dishi, kumburin fuska ko ƙafa, haki in kin kwanta, jinin biƙi da ya ƙaru ko ya yi wari, zazzaɓi, duk na zuwa asibiti ne nan take. Haka in kuka da ƙunci suka zauna miki fiye da mako biyu, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, ana maganinsa.

Su ma yaran, in ɗaya ta ƙi kama nono sau biyu a jere, ko jikinta ya yi sanyi ko zafi, ko numfashi ya yi sauri haƙarƙari na faɗawa, ko ido da tafin hannu suka yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko ta yi taune-taune, kada a tsaya jiƙo, kada a shanya ta a rana, kada a kira wanzami ya cire belu. A wuce asibiti mai ɗakin jarirai, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, kuma a tafi da su duka biyun.

Yau in kin je awon jini, a ɗora kowace a sikeli a rubuta a katinta, a maimaita wa Husaina duk mako har ta haura kilo 2.5. Ki tambaya ko an yi musu rigakafin haihuwa, wato BCG da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, domin ana so a yi su cikin mako biyun farko, ku kuwa kwana biyu suka rage muku. Na gaba yana zuwa ne a mako 6, da 10, da 14.